Yadda Za Ka Gane Ko Ɗan Majalisarka Ya Yaƙi Zabtare Kasafi da Gaske

Duk lokacin da aka ji an zabtare kuɗin wata ma'aikata, ko an janye tallafi, ko an rage kason asibitoci da makarantu, ba a rasa ɗan majalisar da zai fito a rediyo ya ce shi kam bai yarda ba, mutanen mazaɓarsa ba za su lamunta ba. Wani da gaske yake. Wani kuwa ranar da aka yi abin yana zaune a zauren bai ce uffan ba, wani ma kwamitin da yake ciki ne ya yi yankan. Rarrabe su aikin takarda ne, kuma mai waya da haƙuri zai iya yin sa daga gida. Sai dai a Majalisar Dokoki ta Tarayyar Najeriya akwai wani cikas da ya kamata ka sani tun kafin ka fara, don kada ka ɓata mako guda kana neman takardar da babu ita.

A Birtaniya, ranar 10 ga Satumban 2024, majalisa ta kaɗa ƙuri'a kan rage tallafin ɗumama ɗaki da ake ba tsofaffi lokacin hunturu. Gwamnati ta yi nasara da 348 a kan 228, kuma kafin gari ya waye kowa na iya duba sunan wakilinsa ya ga ɓangaren da ya bi, ko ya ga bai kaɗa ba sam. A Abuja kusan komai da murya ake yanke shi. Mai jagorantar zama zai ce masu goyon baya su amsa, su amsa. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su amsa, su amsa. Sai ya auna da kunnensa, ya buga guduma. Ba a ƙirga kowa, ba a rubuta sunan kowa. Kasafin tiriliyoyin naira haka yake wucewa. Ko amincewa da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ranar 20 ga Maris 2025, wadda sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, da murya aka yi ta, kuma an sha cacar baki a kan haka. Saboda haka abin da za ka iya samu shi ne sawun da mutum ya bari a wurare daban-daban, ka harhaɗa shi da kanka.

Fara da tabbatar da cewa an yi yankan

Yawancin masu wannan bincike a nan suke zamewa, domin suna ɗaukar kanun labari a matsayin hujja. Kafin ka taɓa sunan ɗan majalisa, sauko da takardu uku daga shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya: kasafin bara wanda aka sa wa hannu, ƙudirin bana kamar yadda shugaban ƙasa ya gabatar, da kasafin bana bayan an sa masa hannu. Manyan fayiloli ne, wani yakan haura shafi dubu, don haka sauko da su inda intanet ke da ƙarfi, kuma in da hali ka buɗe su a kwamfuta.

Kasafin kowace ma'aikata da hukuma ya kasu uku: albashi, kuɗin gudanarwa na yau da kullum, da manyan ayyuka. A ɓangaren manyan ayyuka kowane layi yana da lamba mai farawa da haruffan ERGP, sai sunan aikin, sai a nuna sabo ne ko wanda ake kan yi, sai adadin kuɗi. Lambar nan ita ce igiyarka. Kwafe ta ka neme ta a takardun uku, domin sunan aiki yakan canza, ko a rubuta sunan gari da wasu haruffa dabam, ka nema ka rasa alhali yana nan. In lambar ta ɓace gaba ɗaya, nemi sunan ƙaramar hukumar ko na garin a dukkan fayil ɗin kafin ka ce an soke aikin. Sau da yawa an ɗauke shi ne daga wata hukuma an kai wata, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da aikin titi ko rijiyar burtsatse a ƙarƙashin wata kwalejin noma ko cibiyar bincike da ba ta da alaƙa da shi.

Adadin kuɗi ukun da ka samu su ne za su faɗa maka mai wuƙar. In adadin ya faɗi tsakanin kasafin bara da ƙudirin bana, ɓangaren zartarwa ne ya rage, kuma tambayar da ta hau kan ɗan majalisa ita ce me ya yi don a mayar. In kuwa ya faɗi ne tsakanin ƙudirin da aka gabatar da wanda aka sa wa hannu, to a cikin majalisa aka yanka, ba wanda zai ɗora wa fadar shugaban ƙasa.

Na biyun nan ya fi yawa fiye da yadda mutane ke zato. Ranar 20 ga Yunin 2018, da Shugaba Muhammadu Buhari yake sa hannu a kasafin shekarar, ya faɗa a fili cewa majalisa ta zabtare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da aka aika mata, ta kuma shigar da nata ayyuka 6,403 na naira biliyan 578. Cikin waɗanda ya lissafa an rage musu akwai tashar lantarki ta Mambila, gadar Neja ta biyu da titin Legas zuwa Ibadan. Ginin tashar filin jirgin saman Enugu kuma an sauko da shi daga biliyan 2 zuwa miliyan 500. A wannan kasafin dai kuɗin ita majalisar ya tashi daga biliyan 125 zuwa 139.5. Majalisa ta kare kanta da cewa tsarin mulki ya ba ta ikon gyara kasafi, kuma wannan muhawara ce tata dabam. Abin lura gare ka shi ne jimillar kasafin ta ƙaru daga tiriliyan 8.6 zuwa 9.12, amma dubban layuka sun ragu a ciki. Wanda ya tsaya ga jimilla ba zai ga yanka ko ɗaya ba.

Akwai kuma ragin da ba hannun kowa kai tsaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na asusun tara kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ware kashi 2 ga ilimin matakin farko. Tunda kaso ne, in kuɗin shiga ya faɗi su ma sai su faɗi. Haka ya faru a 2020 da korona ta karya farashin mai: kasafin farko an gina shi a kan dala 57 kowace ganga, wanda aka gyara a kan dala 28. A ƙudirin gyaran da gwamnati ta kai, kason lafiya a matakin farko ya sauka daga kimanin biliyan 44 zuwa 25, na ilimin bai-ɗaya daga kimanin 111 zuwa 51, aka yi ta hayaniya. A irin wannan, ɗan majalisar da ya tsaya ga faɗin "ban yarda ba" bai ce komai ba. Wanda ya yi aiki shi ne wanda ya nemi a cike giɓin daga wani layi, ya kuma faɗi layin da za a taɓa.

Kada ka manta da hauhawar farashi. A ce asibitin tarayya ya samu miliyan 500 bara, bana an ba shi 550. A takarda ƙarin kashi 10 ne. Amma a shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba, sai an ba shi kusan miliyan 674 kafin ya sayi abin da ya saya bara; raba 550 da 1.348 za ka ga bai wuce miliyan 408 a kuɗin bara ba. Ga hukumar da ke sayo magani ko na'ura daga waje, duba canjin dala da aka gina kasafin a kai: kimanin naira 435 a na 2023, 800 a na 2024, 1,500 a na 2025. Ma'auni mafi sauƙi shi ne kason ma'aikatar a cikin jimillar kasafi, shekara da shekara. Ga lafiya, Yarjejeniyar Abuja ta 2001 ta sa kashi 15 a matsayin abin da ƙasashen Afirka suka yi alkawari, kuma da ita masu fafutuka ke gwadawa.

Inda hannun ɗan majalisa yake

Bayan shugaban ƙasa ya gabatar da kasafi a zaman haɗin gwiwa, kowace majalisa tana yin karatu na biyu, inda ake muhawara a kan manufofinsa gaba ɗaya. Nan ne ake samun jawabai masu zafi, nan ne kuma kyamara take, amma ba a canza ko kwabo a wannan mataki. Daga nan ƙudirin zai tafi kwamitin kasafi, shi kuma ya rarraba wa sauran kwamitoci kowa da ma'aikatun da yake sa wa ido. Ministoci da shugabannin hukumomi su zo su kare kasafinsu, kwamitoci su mayar da rahoto, kwamitin kasafi ya haɗa, a dawo zaure a bi shi sashe-sashe cikin sauri, a yi karatu na uku. In majalisun biyu sun saɓa a lambobi sai a daidaita kafin a aika wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 59 na tsarin mulki ya ba shi kwana 30 ya sa hannu.

Duk wani yanka da ƙari a tsakiyar nan yake faruwa, a ɗakunan kwamiti. Don haka tambayar farko game da mutuminka ita ce kwamitocin da yake ciki, da kuma ko shugaba ne, mataimaki ko mamba kawai. Shafin majalisa da na ƙungiyoyin da ke bibiyarta, irin su PLAC da OrderPaper, suna kawo jerin shugabannin kwamitoci. Nauyin ba ɗaya ba ne. Shugaban kwamitin lafiya da ya fito yana kukan an rage kuɗin lafiya, shi ya sa hannu a rahoton da ya tafi kwamitin kasafi, kuma daidai ne a tambaye shi abin da ya rubuta a ciki. In kwamitinsa ya nemi ƙari aka ƙi a sama, rahoton zai nuna, kuma wannan shaida ce a gare shi. Sabon ɗan majalisa daga jam'iyyar adawa wanda ba ya cikin kwamitin, iyakarsa ya yi magana a zaure ko ya rubuta wa kwamitin. Auna shi da mizanin shugaban kwamiti zalunci ne.

Majalisa tana fitar da takardu uku na kowane zama, kuma kowace da amfaninta. Jadawalin zama, wanda a kansa aka rubuta Order Paper, yana fitowa kafin a zauna, yana nuna abin da za a tattauna da sunan mai gabatarwa da masu mara masa baya. Takardar abin da aka zartar, mai suna Votes and Proceedings, tana fitowa bayan zama. Sunanta na ruɗin mutane su zaci jerin ƙuri'u ne, alhali taƙaitaccen bayani ne na abin da aka gabatar, gyaran da aka nema, wanda ya nema, da ko an amince. Ta uku ita ce Hansad, kundin muhawara kalma da kalma, wadda ta fi kowace daraja ta kuma fi wuyar samu a kan lokaci. Madadinta shi ne bidiyon zaman, wanda tashar majalisa da gidajen talabijin ke sakawa a YouTube da Facebook.

Ga yadda ake bi. Samo ranakun karatu na biyu da ranar zartarwa daga labaran jaridu. Buɗe takardar abin da aka zartar ta waɗannan ranaku ka nemi sunansa. Nemi sunan mahaifi kaɗai, domin jerin sunaye yakan juya. In ka ga ya gabatar da gyara, rubuta shafin da abin da ya biyo baya. Sannan koma bidiyon ka saurari daidai wurin, ka rubuta awa da minti. Saurari jawabin har ƙarshe. Akwai salon da ya zama ruwan dare: mutum ya yi minti huɗu yana caccakar kasafi, a minti na biyar ya roƙi abokan aikinsa su bari ya wuce karatu na biyu. Yaransa na soshiyal midiya minti huɗun farko suke yankowa.

Rashin ganin sunansa ba hujja ba ce cewa ya yi shiru da gangan. Majalisar wakilai mutum 360 ce, dattawa 109, kuma sai wanda mai guduma ya ba dama yake magana. Mutum na iya wuni da hannu a sama ba a kalle shi ba. Abin da za ka iya rubutawa shi ne takardun ba su nuna ya yi magana ba, ka tsaya nan.

Ranar da ake kiran suna

Ƙa'idojin majalisun biyu sun ba ɗan majalisa damar ƙalubalantar hukuncin murya ya nemi a ƙirga. Misali mafi fitowa fili shi ne na 15 ga Yulin 2021 a Majalisar Dattawa, kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo gyara, Shugaban Majalisa Ahmad Lawan ya buga guduma cewa an amince, zaure ya rikice, shugaban marasa rinjaye Enyinnaya Abaribe ya dage sai an ƙirga. Aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi matsayinsa: 52 suka goyi bayan gyaran, 28 suka ƙi, 28 ba sa nan. Washegari jaridu suka buga sunayen jiha-jiha, kuma waɗanda ba sa nan sun sha tambaya kusan fiye da waɗanda suka kaɗa. Haka nan ranar 1 ga Maris 2022 an yi amfani da na'ura wajen kaɗa ƙuri'a kan ƙudirori 68 na gyaran tsarin mulki, tunda wannan sai an cika adadi.

Wannan ba maganar kasafi ba ce, amma darasinta ya shafe shi kai tsaye. Hanyar tana nan, kuma ɗan majalisar da ya ce ya yaƙi wani yanka har ƙarshe ana iya tambayarsa ko ya nemi a ƙirga. In ya nema aka hana shi, bidiyo zai nuna yana tsaye yana neman a saurare shi. Akwai kuma batun adadin da zama ke halatta da shi, kashi ɗaya cikin uku bisa sashe na 54, wato sanatoci 37 ko wakilai 120; wanda yake son tsayar da abu da gaske yakan ja hankalin shugaba in zauren ya yi fayau. A gaskiya irin wannan tsayuwa tana da tsada a majalisar. Abdulmumin Jibrin, tsohon shugaban kwamitin kasafi na wakilai, an dakatar da shi na kwanakin zama 180 a Satumban 2016 bayan zargin cushe a kasafi da ya yi. Sanata Abdul Ningi an dakatar da shi wata uku a Maris 2024 bayan hirarsa da BBC Hausa kan kasafin shekarar. Ko me mutum yake gani game da zarge-zargen nasu, sauran 'yan majalisa sun ga abin da ya biyo baya, kuma yana cikin dalilan da suka sa da yawa suka fi son yin adawarsu a rediyo.

Ƙudirin jan hankali ba doka ba ne

Nan ma ana yawan ruɗa mutane. Ɗan majalisa zai wallafa cewa ya gabatar da ƙudiri majalisa ta amince a mayar da kuɗin da aka rage. Duba wane iri ne. In na jan hankali ne, wanda ke ƙarewa da majalisa tana kira ga gwamnati ko tana roƙon ma'aikata, shawara ce kawai, gwamnati na iya ajiye ta a durowa. Ranar Lahadi 8 ga Janairun 2012 Majalisar Wakilai ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ta katse hutu ta yi zaman gaggawa, ta nemi Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da janye tallafin mai, bayan lita ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141. Gwamnati ba ta bi ba. Sai da yajin aiki da zanga-zanga suka tsayar da ƙasa kimanin mako guda aka sauko da farashin zuwa 97. Ƙudirin yana da amfani a matsayin shaidar inda mutum ya tsaya, ka rubuta masa shi, amma kada ka ba shi nauyin gyaran da aka shigar cikin dokar kasafi.

Janye tallafin mai na 2023 ya koyar da wani abu dabam. Kowa na tuna jawabin rantsar da Shugaba Bola Tinubu ranar 29 ga Mayu, inda ya ce tallafin ya ƙare, amma kasafin 2023, wanda majalisar zango na tara ta zartar aka sa wa hannu a Janairu, bai tanadi kuɗin tallafi ba sai na rabin shekara, zuwa Yuni. Wato yankan yana kwance a cikin takardar da aka amince da ita watanni kafin hayaniya. In mutuminka yana majalisa a lokacin, ranakun da za ka duba su ne na ƙarshen 2022. Wannan ya shafi kowane yanka: koma baya zuwa ranar da aka yanke shawarar, wadda sau da yawa ta riga ranar da jama'a suka ji zafinta da nisa. Tsarin kashe kuɗi na matsakaicin zango, wanda Dokar Kula da Kashe Kuɗi ta 2007 ta wajabta a kai majalisa kafin kasafi, nan ake tsayar da farashin mai, canjin dala da bashin da za a ci, kuma kusan ba wanda ke kallon muhawararsa.

Kuɗin da aka rubuta ba a saki ba

Layi na iya tsira daga wuƙar kowa ya fito cif a kasafi, a ƙare shekara ba a saki ko rabinsa ba. Wannan ne yankan da ya fi cin manyan ayyuka, kuma ba a kaɗa masa ƙuri'a. Alamarsa ita ce yawan tsawaita wa'adi: ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 an ja shi zuwa ƙarshen Yunin 2025, aka sake ja zuwa ƙarshen Disamba. Don ganin abin da aka saki, duba rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku daga Ofishin Kasafi, wanda doka ta ce a fitar cikin kwana 30 bayan ƙarshen zangon ko da yake yakan makara, da shafin baitulmali na Open Treasury da aka buɗe a Disamban 2019, da kuma GovSpend da Tracka na ƙungiyar BudgIT. Aikin ɗan majalisa a nan sa ido ne, ƙarƙashin sashe na 88 da 89: ya sa kwamiti ya gayyaci minista ko Akanta Janar, ya tambayi dalili a zaman kare kasafi na shekara mai zuwa. Nemi wannan a labaran zaman kwamitin.

Ɗan ƙarin bincike da yake biyan wahalarsa: duba ayyukan mazaɓa da aka sa a yankinsa a wannan shekarar. In ma'aikatar da aka zabtare wa babban aiki ita ce kuma aka cusa wa sababbin ƙananan ayyuka, fitilun kan titi, babura, kekunan ɗinki, to ka ga inda kuɗin ya koma. Kasafi ba ya rubuta sunan wanda ya shigar da layi, don haka kada ka ce shi ne sai in shi da kansa ya yi tutiya da aikin, abin da galibi sukan yi da allo mai hotonsu.

Haɗa maganarsa da takarda

Yanzu tattaro abin da ya faɗa. Ɗauki asalin magana, murya ko bidiyo ko rubutun shafinsa da aka tabbatar nasa ne, da kwanan wata. Ɗauki hoton allo ka ajiye adireshin, domin ana gogewa. In hirar Hausa ce aka fassara a jaridar Turanci, ko akasin haka, koma ga asalin. "Ban ji daɗi ba" da "ban amince ba" ba ɗaya ba ne, kuma fassara takan haɗe su. Yi tebur mai sauƙi: rana, wurin da ya yi magana, abin da ya ce, matakin da kasafin yake a ranar, abin da takardar majalisa ta nuna ya yi. Layin matakin kasafi shi ne mai tona asiri. Adawar da aka yi kafin kwamiti ya miƙa rahoto tana iya canza lamba. Wadda aka fara bayan an sa hannu ihu ne bayan hari, sai fa in ya biyo ta da neman gyara a ƙwarya-ƙwaryar kasafi.

Abin da ka rasa, nema a rubuce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takarda daga hukumar gwamnati ba tare da faɗin dalili ba. Rubuta wa Akawun Majalisar Dokoki ta Tarayya, ka ambaci dokar, ka faɗi takamaiman abin da kake so: rahoton kwamiti kaza a kan kasafin ma'aikata kaza na shekara kaza, ko rajistar halartar zama ta rana kaza. Buƙata mai faɗi irin "duk bayanan kasafi" ita ce ta fi sauƙin watsarwa. Kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya, domin daga wannan ranar ake ƙirga kwana 7 da doka ta ba su, wanda za su iya ƙara wasu 7. In sun ƙi ko sun yi shiru, kana da kwana 30 ka je kotu. Ba a cajin komai sai kuɗin kwafi. Rajistar halarta tana da nauyi na musamman, tunda sashe na 68 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama a shekara ba da dalili mai ƙarfi ba yana iya rasa kujerarsa.

Kafin ka wallafa komai, aika wa ofishinsa tambayoyinka a rubuce ka ba shi mako guda. Tambaya uku sun isa, kowace da lambar layi da rana: yana zaure ranar da aka zartar, me ya gabatar a kwamiti ko a zaure kan wannan layin, kuma zai iya ba da kwafin. Wanda ya yi aiki yakan turo takarda da sauri, wani lokaci har da wasiƙar da ya rubuta wa kwamitin kasafi wadda ba za ka taɓa samu a wani wuri ba. Sa amsarsa cikakkiya a gefen teburinka, in bai amsa ba ka rubuta ranar da ka aika. Ka tuna shi doka ta ba shi kariya kan abin da ya faɗa a zaure, kai ba ka da ita, kuma an sha kama mutane da Dokar Laifukan Intanet kan rubutun Facebook. Kalmomi irin "ɓarawo" da "maci amana" ba sa cikin kowace takarda da ka sauko da ita, don haka bar su. Rubuta lambar layin, adadin bara, adadin da aka gabatar, adadin da aka sa wa hannu, kwamitin da ya bi ta hannunsa, da minti na bidiyon da ya yi magana, ka kuma liƙa hoton shafukan don wanda ke shakka ya duba da idonsa.